Marainiya Mai Tambarin Tauraro

Ya kai mai karatu, kafin mu yi nisa ina so in roƙe ka arziki guda. Kada ka ga na ɗauko zancen bindiga ka zaci ni maharbi ne ko tsohon soja. Ni malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina shaƙar ƙurar alli a ƙasar Gwandu har na ajiye aiki, kuma duk unguwarmu an san ko ragon layya ba ni nake yanka abina ba. Amma da yake bawa bai san abin da gobe za ta haifa ba, sai ga ni na kwana goma sha ɗaya da bindiga a ƙarƙashin gadona. Abin da na gani da wanda na ji a cikin waɗannan kwanaki shi nake so mu tattauna, ko Allah ya sa wani ya tsinci abin amfani.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu a ƙarshen daminar 2024. Tsohon direba ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Jega zuwa Kamba, wani lokaci ya tsallaka Gaya ta ƙasar Nijar ya ɗauko kaya. Bayan an yi sadakar arba'in sai aka taru don a fito da abin da ya bari. To, a ɗakinsa akwai wani akwatin ƙarfe wanda tun muna yara ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Da yake ni ne babba, ni aka miƙa wa mabuɗi. Na buɗe na tarar da tsohon lasin ɗinsa na tuƙi, da takardun haraji tun na zamanin En'e, da hular da ya yi angwanci da ita. Can ƙasa kuma sai ga wani ƙunshin tsumma da ya sha baƙin mai har ya yi tauri. Ina ɗagawa na ji nauyi, sai gabana ya faɗi. Na kwance, sai ga ƙaramar bindiga irin wadda mutanenmu ke kira libarba, babu ko harsashi ɗaya a tare da ita. A gefenta akwai 'yar takarda da rubutun ajami na hannun Baba: "Jinginar mutumin Gaya, Naira 150, shekarar canjin kuɗi. Ba tawa ba ce."

Tsohuwarmu ce ta warware mana sauran. Masu shekaru za su tuna cewa a watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canja launin takardun Naira, ta kuma rufe kan iyakokin ƙasa, ba a sake buɗe su ba sai 1986. A cikin wannan ruɗani ne wani abokin hulɗar Baba ya maƙale a Kamba da tsofaffin kuɗi waɗanda ba su sayen ko ƙosai. Ya roƙi rancen sabbi, ya bar wannan ƙunshi a kan zai dawo ya fansa, ya bi ta daji ya tsallaka. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Lokacin kuwa ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa, duk wanda aka gani da irin wannan abu sai ya yi dogon bayani. Baba ya rasa yadda zai yi, ya ƙi jefar da amanar mutane, ya kuma ji tsoron fito da ita, sai ya kulle ta shekara arba'in cur.

Bari in faɗi gaskiya, ko da za a yi mini dariya. Da dare ya yi, kowa ya kwanta, na kunna fitila na sake kwance ƙunshin, sai na ga ban taɓa riƙe ƙarfen da aka yi wa aiki mai kyau kamar wannan ba. Tsawonta bai cika taƙi guda ba, siririya ce, tana shiga tafin hannu kamar da ma an auna hannun kafin a ƙera ta. Amma nauyinta ya kusa kilo guda, don kusan duk jikinta ƙarfe ne tsantsa. Shekara arba'in a cikin akwati, da zafin bazarar Gwandu da laimar damina, amma tsatsa ba ta kama ta ba sai ɗan ɗigo a gefe guda. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ko bakin reza ba zai shiga ba. A jikinta an zana ɗan tauraro, an rubuta STAR, da B. ECHEVERRIA, da EIBAR, da ESPAÑA, a gindinta kuma haruffa biyu, BM. Na daɗe ina juya ta ina tasbihi ga Wanda ya ba ɗan Adam hikima. Daga baya na tuna ko mene ne aikinta, na ce lalle wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Da gari ya waye rigima ta tashi tsakanina da ƙanena. Shi yana cikin 'yan sintirin unguwa, ya fi ni sanin waɗannan abubuwa. Ya duba ya ce ai lafiyarta lau, abu guda kawai ta rasa, wato allurar da ke sarar gindin harsashi. Ya ce, "Yaya, wannan ai Allah ne ya kawo mana. A nemo allura a sa mata, a ajiye a gida." Kada ka yi saurin zarginsa, mai karatu. A cikin wannan makon ne, wato farkon Nuwamba 2024, labari ya zo cewa Lakurawa sun afka wa garin Mera ta ƙaramar hukumar Augie sun kashe aƙalla mutum 15, ga kuma abin da aka daɗe ana ji daga wajen Zuru da Danko-Wasagu. Duk mai iyali a jihar Kabi ya kwana da tunani a lokacin. Na ce masa takardar Baba ta ce ba tamu ba ce. Ya ce mai ita ya daɗe da zama ƙasa. Malamin da ya zo rabon gado kuma ya ce shi dai ba zai sa ta a lissafi ba, don abin da mamaci ya rubuta da hannunsa cewa jingina ce ba ya zama gado, Naira 150 ita ce hakkinmu. Muka tashi baram-baram. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata tana tare da ƙanena.

Ina da yaro da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Na kwafe rubutun jikin bindigar na aika masa, ban gaya masa dalili ba, na ce ya binciko mini ko su wane ne waɗannan mutane, kuma ko ana samun kayan gyaransu. Kwana biyu sai ga shi ya zo da takardu ya zube mini. Ya ce, "Baba, ai kamfanin nan ya mutu tun kafin a haife ni." Na sa tabarau na zauna na yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa. Ga abin da na fahimta a taƙaice.

Eibar wani ɗan gari ne a cikin kwari tsakanin duwatsu, a arewacin ƙasar Sifen, yankin ƙabilar Bask. Ɗaruruwan shekaru sana'ar garin ita ce ƙirar bindiga, har ana yi masa laƙabi da garin maƙeran makamai, kamar dai yadda in an ce Aliero sai a tuna albasa da masu ɗori. A cikin maƙeran garin akwai wani José Cruz Echeverria, wanda a ƙarni na 19 yake ƙera bindigar ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda, wato irin bindigar toka ta maharbanmu. 'Ya'yansa biyu, Julián da Bonifacio, su ne suka shiga ƙirar ƙananan bindigogi na zamani a wajen 1905, kuma a 1919 Bonifacio ya yi wa sunan Star rajista. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya buɗe wa garin kasuwa, don a 1915 Faransa ta ba wani kamfanin yankin mai suna Gabilondo kwangilar ƙananan bindigogi 10,000 a kowane wata, aka yi ta ƙari har aikin ya fi ƙarfinsa ya rarraba wa maƙwabta. Bayan yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939, gwamnatin Janar Franco ta taƙaita masu izinin wannan ƙira, manyan da suka rage su ne uku: Star a Eibar, da Astra a garin Gernika, da Gabilondo mai tambarin Llama.

Ita wannan ta akwatin Baba, wato BM, an fara ƙera ta a 1972 aka daina a 1992, an yi sama da guda 200,000, kuma jandarmomin Sifen sun daɗe suna ratayawa. Masana abin suna yabon ta da abubuwa da dama. An ɗauko fasalinta daga shahararriyar Colt ta Amurka ta 1911, aka rage mata tsawo, aka rage tarkacen ciki, ga ta da ƙwari, ga kuɗinta bai kai na takwarorinta na Amurka da Jamus ba, wato dai dokin talaka mai gudun na sarki. Harsashi 8 take ɗauka. Aibinta da aka sani shi ne allurarta kan karye idan ana yawan ɗana ta babu harsashi a ciki. A 1975 suka fito da wata mai suna PD, mai jikin alminiyom, mara nauyi, wadda ta yi farin jini a Amurka. Daga baya suka yi Firestar, wadda wata mujallar Amurka ta zaɓa a matsayin ƙaramar bindigar da ta fi kowace a shekarar 1991. To, jama'a ku ji abin mamaki: shekara shida kacal bayan wannan yabo, a watan Mayu na 1997, aka rufe ƙofar Star. Astra ta bi bayanta ba da jimawa ba. Ma'aikatan Llama suka haɗa kai suka karɓi kamfaninsu suka yi ta jan ƙafa, su ma a 2005 suka saki.

Me ya kashe su alhali kayansu na da kyau? Dalilan suna da yawa. Tun 1968 Amurka, wadda ita ce babbar kasuwarsu, ta yi dokar da ta hana shigo da mafi ƙanƙantar bindigogin aljihu daga waje. Sannan a 1982 wani mutumin Ostiriya mai suna Gaston Glock, wanda da can sandunan labule da wuƙaƙe yake yi, ya fito da bindiga mai jikin roba, mai ɗaukar harsashi 17, ga rashin nauyi, ga sauƙin ƙira, don roba zuba ta ake yi a mazubi, ƙarfe kuwa sai an sassaƙa an goge. 'Yan sandan duniya suka yi ta komawa can. Da zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya ƙare a wajen 1991, gwamnatoci suka rage sayen makamai, tsofaffin makaman da aka tara kuma suka cika kasuwa a kan araha. Bashi ya taru a kan mutanen Eibar, sai aka wayi gari mai kaya mai kyau ya rasa mai saye. Wato dai abin da ke ƙarƙashin gadona marainiya ce. Gidan da aka haife ta ya rushe, babu inda za ka rubuta takarda a aiko maka da sabuwar allura daga maƙerarta.

Da na gaya wa ƙanena haka sai ya ce, "To Yaya, ina Baba maƙeri na Kalgo? Ai babu ƙarfen da ya gagare shi." Wannan tsoho aminin mahaifinmu ne tun suna samari, shi ke yi masa gyaran sifirin mota a zamanin da babu kanti. Na ce to, ni zan je da kaina. Ranar kwana na tara na sa ƙunshin a ƙasan buhun gero, na ɗaura a bayan babur, na kama hanya ta Ambursa na ratsa Birnin Kabi na miƙe Kalgo. Duk shingen da na tarar sai in ji zufa tana bin bayana, in yi ta karanta duk abin da ya zo bakina. Dalili kuwa, dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa su kashi uku: bindigar toka, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda ke ba da izininta, da bindigar farauta irin mai baki biyu, wadda izininta ke hannun Sufeto Janar, sai kuma waɗanda aka haramta in ba da izinin Shugaban Ƙasa ba, kuma libarba da danginta suna cikin wannan kashi na uku tare da bindigogin soja. Ni da ban taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, ga ni da furfurata ina yawo da abin da zai iya kai ni gidan kaso. A ranar na gane irin nauyin da Baba ya ɗauka shekara arba'in bai gaya wa kowa ba.

Rabona da maƙerar nan tun ina saurayi. A da, tun daga bakin hanya kake jin amon masaba, wuta uku ke ci a lokaci guda, yara suna layi a kan zuga-zugi. Idan damina ta kusa, manoma har daga ƙauyukan fadama suke kwana a nan suna jiran kalme da galma. Idan salla ta matso kuma 'yan bindiga su kawo nasu a duba musu kunama, maharba su kawo nasu, ga masu linzami da likkafa. Ranar da na je sai na tarar da wuta guda, ita ma ta kusa mutuwa, tsohon yana zaune shi kaɗai a kan buzu yana fitar wa wani lauje haƙora. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya, muka yi wa Baba addu'a. Na ce ina da magana ta sirri. Ya sa aka sakaya ƙofar zana.

Ban gama kwance tsumman ba sai ya yi murmushi ya ce, "Wagga ai ta mutumin Gaya ta. Ashe tana nan." Na yi sororo. Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya yi ta shafa ta da babban yatsa. Ya ce, "Ka gani, Malam? Duba ko ka ga sawun magagari. Babu. Shekara sittin ina bugun ƙarhe, ban taɓa ganin haɗi irin wanga ba. Wanda yay yi wagga ba don ciki kaɗai yay yi ta ba, yana jin kunyar a ga aibi ga aikinai."

Na ce, "Baba, allurarta ce ta karye, shi ne muke son a yi mata wata."

Ya dube ni ya ce, "Ba karyewa tay yi ba, ɗana. Ni nic cire ta da hannuna. Ubanka yak kawo man ita cikin dare, yac ce ba shi iya yad da amanar mutane, kuma ba shi iya kwana da maciji mai dahi cikin gida mai ɗiya. Lokacin ƙanenka wanga da kaka magana bai wuce shekara bakwai ba, ba abin da ba ya taɓawa. Nic ce mai to a cire haƙorin a bar macijin. Nis sa allurar wuta, nib buge ta gabanai."

Na rasa abin da zan ce. Can na daure na ce, to yanzu da zamani ya lalace, ba zai iya ƙera wata ba? Ya ce, "In don sura ta, kahin la'asar na gama. Amma kama da wane ba ta wane. Irin ƙarhen da sunka yi ta da shi, da irin wutar da sunka ba shi, su kaɗai sunka sani. In na yi maka, ko dai ta ƙi tashi ranar da kaka so, ko ta tashi ranar da ba ka so. Kuma ko da na iya, abin da ubanka yas sa ni in kwance, ba ni ɗaura shi bayan ransa. Ka aika ma masu ita su ba ka, in kana so."

Sai na ce masa ai masu ita sun rufe maƙerarsu tun 1997. Na kwashe labarin Eibar duk na gaya masa, tun daga kakansu mai bindigar ɗuri har zuwa bindigar roba. Tsohon nan ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "Su ma? Masu wanga hannu? Ashe ba mu kaɗai na ba." Ya shiga lissafa mini nasa. Addar kanti ta zo da araha, ko da ba ta kai wata uku ba mutane ita suke saye. Maganin feshi ya zo, noman da ake yi da kalme goma yanzu yaro guda ke yi da jarka a baya. Masu walda suka zo da injin. Bindigar toka kuwa, dajin da ake farauta a ciki ya zama gona, wanda ya rage kuma ba mai shiga. 'Ya'yansa duk sun watse, wani kabu-kabu, wani Legas. Ya ce har gobe duk wanda ya riƙe laujensa ya san ya fi na kanti, suna faɗa da bakinsu, amma yabo ba ya sayen gawayi.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin da ni ma ina cikin masu cewa in dai kayanka na da kyau ba ka rasa kasuwa, haka na yi ta koya wa yara a aji. Amma mu duba kusa da mu. Wace mota ce ta kai Fijo 504 jure hanyoyinmu? An yi ta harhaɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, yau sai dai ka ga gawarta a bayan gareji. Ina masaƙun Kaduna da na Kano waɗanda atamfarsu ke tsufa ba ta koɗe ba? Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Kyan aiki wajibi ne a kan mai sana'a, amma shi kaɗai ba ya riƙe gida. Sai an haɗa da sanin inda mutane suka dosa, da abin da aljihunsu zai iya, da kuma hukuma mai kishin masu sana'arta.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin Eibar da ya sanyaya mini zuciya, na kuma gaya wa tsohon. Ba duk maƙeran garin ne suka mutu da bindiga a hannu ba. Akwai gidan Orbea, da suka fara ƙirar bindiga tun 1840. A wajen 1930 da suka ga kasuwar ta ja baya, sai suka ce ai wanda ya iya bututun bindiga ya iya bututun keke, suka koma ƙera kekuna, kuma har yau suna nan ana tseren duniya da kekunansu. Gidan BH su ma haka suka yi. Akwai kuma Alfa, wadda ma'aikata suka haɗa kuɗi suka kafa a 1920 suna ƙera libarba, bayan 'yan shekaru suka juya ga keken ɗinki, suka yi suna a kansa har aka manta da sana'arsu ta fari. Hannun dai shi ne, wutar ita ce, abin da ake ɗorawa a kan uwar maƙera ne ya sauya.

Tsohon ya yi dariya har na ga dasashinsa. Ya ce in tashi in leƙa bakin titi. Ashe shagon waldan da na wuce da na shigo, mai tartsatsin wuta da ƙarar janareta, na jikansa ne. Yaron yana yin ƙofofi da tagogi, da garmar shanu, da amalanke, yana gyaran injin ban-ruwa da na casar shinkafa, don tun da noman shinkafar rani ya bunƙasa a fadamun Kabi aiki ba ya yanke masa. Ya ce da farko ya yi fushi da yaron, yana ganin ya bar gado. Daga baya ya lura duk masu waldan layin in ƙarfe ya gagare su wurin jikansa suke zuwa, don shi kaɗai ya san halin ƙarfe tun yana jan zuga-zugi. Ya ce, "In kiɗi ya sauya, rawa sai ta sauya. Ni dai ƙahwahuna sun tsuhwa."

Na kwana a Kalgo, da safe na komo Gwandu. Na kira ƙanena ɗaki na gaya masa wanda ya sa aka cire allurar, da kuma saboda wa aka cire ta. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, don shi ma yanzu yana da ɗa ɗan shekara bakwai wanda ba abin da ba ya taɓawa. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban ce tsoronsa ba shi da dalili ba, har yau in aka yi zancen yakan ce Allah dai ya sa kada mu yi da-na-sani, ni kuma in ce amin. Amma ya yarda. Washegari muka je wurin mai unguwa, ya raka mu wurin hakimi, aka haɗa mu da ɗan rakiya zuwa ofishin 'yan sanda, muka miƙa ta tare da takardar ajamin Baba, aka rubuta bayaninmu aka ba mu shaida. Jami'in da ya karɓa ya juya ta ya sake juyawa, ya ce rabonsa da ganin irin wannan aiki ya daɗe. Naira 150 kuwa, muka taru mu magada muka yafe wa mutumin Gaya, ko yana raye ko ya riga mu.

Kafin in baro Kalgo na sayi lauje biyu a wurin tsohon, ko da yake ba ni da ko kunya ɗaya ta shinkafa. Ɗaya na ba ƙanena, ɗaya yana rataye a ɗakina. Shawarata gare ka, mai karatu, in akwai wani mai sana'ar hannu a garinku wanda ka san aikinsa ya fi na kanti, kada ka tsaya a yabo, ka sa hannu a aljihu tun yana da rai. Kai kuma mai sana'a, ka riƙe kyan aikinka, amma ka riƙa leƙa bakin titi kana ganin inda jama'a suka nufa. Wanda kuma ya buɗe akwatin mahaifinsa ya tarar da irin abin da na tarar, ya nemi manya su raka shi ya kai inda ya dace.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya yadda ba mai bukatar kwana da ƙarfe a ƙarƙashin gado. Amin summa amin.